Ƙwanƙwasa Uku a Lokon Hita

Ka taɓa cusa kanka da kafaɗunka cikin lokon da ba ka iya juyawa, tocila a baki, kana kwance rub-da-ciki a kan katako mai sanyi, sannan ka ji an ƙwanƙwasa maka daga bayan bango? In ba ka taɓa ba, to ba ka san sana'ar Turid ba. Ya kuwa kamata ka sani, domin a tsibirinmu na arewacin Norway jiragen kamun kifi goma sha tara ne a kwata, kuma goma sha shida daga cikinsu hannunta ne ke sa masu jiragen su kwana da ɗumi.

Turid 'yar makaniken jirage ce, marigayi Edvin, wani ƙaton mutum da kafaɗunsa ba sa shiga ko ƙofar ɗakin inji sai ya karkace. Ita kuwa aka haife ta 'yar mitsitsiya, haka ta girma, haka take har yau da ta haura hamsin. Tun tana ƙarama uban ya gane amfaninta. Duk inda masu ƙera jirgi suka ɓoye wani abu a lungun da hannun namiji ba ya kaiwa, sai ya ɗaura mata igiya a idon sawu ya ce, “Shiga, Kaguwa.” Sunan ya bi ta, saboda a karkace take shiga, da baya take fitowa. Ta yi aiki a masana'antar kifi ta bari. Ta yi aure, mijin ya tafi kudu neman aiki ya samu wata rayuwar a can. 'Ya'yanta biyu suna birni, suna kiranta ranar Lahadi. Ita dai tana nan da akwatin sufanunta, da gashi a aske tun ranar da fankar wata hita ta kama mata kitso.

Hita ita ce ran jirgi a wajenmu. Wata 'yar na'ura ce mai cin dizal, ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba, tana hura iska mai ɗumi zuwa ɗakin kwana, hayaƙinta kuma ya bi bututu ya fita ta gefen jirgi. Kullum a loko ake sa ta, ƙarƙashin matakala, inda ba mai son shiga. Wanda ya shiga ba a jin muryarsa, ga tocila a baki. Shi ya sa muke magana da ƙwanƙwasa. Ɗaya, riƙe. Biyu, saki. Uku, ja ni waje, kada ka tambayi dalili. Kowane yaro a tsibirin ya san wannan kafin ya iya ɗaure takalminsa.

To, akwai Hilmar, dattijo, abokin mahaifinta, mai jirgin da ake kira Gunhild. Shi da ƙanensa Ottar suka yi rayuwarsu duka a cikin jirgin nan, gado biyu a ɗaki ɗaya. Ottar ne mai saurin tashi. Kowace safiya, daga kwance, sai ya miƙa hannu ya buga bangon da ke kan gadonsa sau uku, wai ya ja wansa waje daga barci. Ba a teku Ottar ya mutu ba. A gida ya mutu, a kujerarsa, yana feren dankali. Aka binne shi, Hilmar ya koma jirgi shi kaɗai. Bayan 'yan watanni ya fara gaya wa mutane a rumfar shan kofi cewa shi har yanzu yana da mai tashinsa. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Turid ta ji labarin ta bar shi a inda ta ji shi. Sai wata rana a tsakiyar sanyi ta haɗu da dattijon a kanti, yana tsaye da burodi a hannu yana kallon kantar kaya kamar wanda ya manta garin da yake. Idanunsa jajur. Da ta matso sai ta ji warin baƙin hayaƙi a jikin rigar ulunsa.

“Kawu, lafiya? Burodin ne ya yi maka laifi?”

“Ke Kaguwa, tafi ki ba ni wuri. Kaina ke sarawa.”

“Tun yaushe?”

“Duk ranar da na kwana a jirgi. Tsufa ne.”

“Tsufa ne ya san jirgi bai san gida ba? Wannan mai tashin naka, yaushe yake bugawa?”

Ya dube ta a kaikaice. “In ɗaki ya fara ɗumi.”

Nan take Turid ta gane. In hita ta kwance daga mazauninta, tana rawa duk lokacin da fankarta ta tashi. In tana rawa, bututun hayaƙinta na rawa. In bututun ya tsage, akwai wata iska da ke fita wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana cika ɗaki a hankali. Mutum ya kwanta da ciwon kai, wata rana ya kwanta bai tashi ba. Ga shi kuma manyan kifayen hunturu sun kusa isowa, Hilmar zai fita can nesa, ya kwana a jirgi shi kaɗai, ƙofa a rufe, hita a kunne har safe.

“Gobe zan zo in duba hitar.”

“Ban kira ki ba.”

“Babana ma ba ka kiransa, yana zuwa.”

“Ubanki ya fi ki kunya.”

“Ya fi ni kafaɗu dai. Ka tanadi kofi.”

Washegari da tsakar rana ta sauka kwata. A watan nan rana ba ta fitowa a wajenmu, sai wani shuɗin haske da ke tsayawa kaɗan a kan duwatsu ya wuce. Ruwan ya kwanta baƙi wuluk, ba iska, ba tsuntsu. Ta buɗe ƙofar ɗakin tuƙi ta tokare ta da bokiti. Ta cire babbar rigarta ta rataye a ƙarfen waje, don da ita ba za ta shiga lokon ba. A jikin rigar kuwa akwai 'yar ƙararrawarta mai kuka in ta shaƙi muguwar iska. Ta ɗaura igiya a ƙafa ta miƙa wa Hilmar bakin, ta sa tocila a baki, ta karkace ta shige.

Ciki ƙunci ne, da warin dizal da tsohon gishiri. Sai da ta fitar da tarkace da baya: tsohon raga, gwangwanin fenti da ya daskare, takalmin roba guda ɗaya. Sannan ta kai ga hitar. Ottar ne ya ɗaura ta da hannunsa shekarun baya, da sukurori huɗu a jikin bangon katako. Uku sun zare, suna lilo. Katakon da ke kewaye da su ya ruɓe, ta danna shi da farce ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Sukuru ɗaya tak ke riƙe da na'urar. Ta sa yatsa ɗaya ta tura ta. Hitar ta yi lilo ta bugi bango. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Igiyar ƙafarta ta yi tsalle. Daga waje ta ji muryar dattijon, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda yake mata faɗa da ita ba.

“Ottar?”

Ta tsaya cak da tocila a baki. Sannan ta ja da baya ta fito.

“Ni ce, Kawu. Ni na tura ta. Sukurori uku sun fita.”

Ya zuba mata kofi.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Sukuru ba zai sake kama ruɓaɓɓen katako ba. Sai dai a huda bangon ya ɓulle, a zura dogayen notuna huɗu, a sa farantin ƙarfe a ɗaya gefen ya riƙe su. Kuma sai wani ya tsaya a can gefen da sufana yayin da take ɗaurewa daga ciki.

“Wane gefen?” in ji shi, ko da yake ya sani.

Suka sauka ɗakin kwana. Gadon Hilmar a hargitse. Gadon Ottar kuwa yana nan yadda ya bar shi: bargo a ninke, rigar ulu a kai, tabarau a kan rigar, matashi a jingine da bango, har da lotsawar kai a tsakiyarsa. Bangon nan shi ne bayan lokon hitar.

“Ba za a taɓa nan ba,” in ji Hilmar.

“Kawu, faranti ne kamar tafin hannunka.”

“Ke kina ganin ƙarfe ne kawai. To ƙarfe ne, na ji. Amma in kin ɗaure ta, wa zai tashe ni?”

Turid ba ta iya lallashi ba, ba ta taɓa iyawa ba. Ta ajiye kofin ta ce, “In ban ɗaure ta ba, wata safiya za a buga maka har bangon ya tsage, ba za ka ji ba. Ko Ottar ɗin ne da kansa. Kana so ya yi ta bugawa kana kwance?”

Ya daɗe yana kallon gadon. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauke tabarau, ya ɗauke riga, ya ɗauki matashin da hannu biyu. Sai ya tsaya, ya kara shi a kumatunsa.

“Da ɗumi,” ya ce.

“Hitar ce a bayan bangon.”

“Tun jiya da kika yi mini magana ban kunna ta ba.”

Ba ta miƙa hannu ta taɓa ba. Ta ɗauki abin huda ta koma loko.

Aikin ya tafi yadda take so. Ta ɗaga hitar ta tallafe ta da guntun katako, ta kankare ruɓaɓɓen wurin, ta shafe shi da gam mai tauri. Ta huda huɗu. Ta sa sababbin robobi a ƙarƙashin ƙafafun na'urar don su shanye rawar. Ta zura noti na farko, ta buga bango sau ɗaya, ta ji sufanar dattijon ta kama a can gefen. Ta murɗa har wuyan hannunta ya yi ƙara, ta buga biyu, ya saki. Haka har huɗu. A na uku sufanarsa ta zame, ta ji yana zagin ƙarfen da uwarsa, ta yi dariya tocilar ta kusa faɗowa. Da ta gama ta kama hitar da hannu biyu ta jijjiga da dukan ƙarfinta. Jirgin ya motsa, hitar ba ta motsa ba. Inda bututun hayaƙi ya haɗu da na'urar akwai baƙi, ta canja maɗaurin ta sa sabo.

Ta fito tana share hannu. “Mazauni ya zauna. Saura bututun. Shekara guda yana shan jijjiga, ban yarda da shi ba. Zan aika a kawo sabo, jirgin fito zai zo da shi ƙarshen mako.”

“Ƙarshen mako? Gobe da safe zan fita. Kifi zai tsaya jiran bututunki ne?”

“Kawu.”

“Kin ce noti, na ba ki noti. Na ba ki gadon ƙanena. Yanzu kuma bututu. Gobe ki ce jirgin ma a canja.”

“Kai za a canja, in da hali.”

Suka yi ta ja har suka tsaya a kan magana ɗaya. Za a kunna hitar, ta shiga da ɗan madubi ta bi bututun daga farko har ƙarshe. In akwai tsaga, madubin zai yi gumi. In bai yi ba, ya tafi kamun kifinsa.

Ta koma ciki, madubi a hannun dama, tocila a hagu. Hilmar ya danna makunni. Fanka ta tashi, famfon mai ya fara ɗigarsa, lokon ya cika da gurnani. Ba ƙwanƙwasa. Ko ɗaya.

A nan ne aka yi kuskuren, kuma duk ɗan tsibirinmu zai iya yin sa. Mu ba a bar mana ƙofa a buɗe in wuta na ci. Tun muna yara ake dukan hannunmu a kan haka. Hilmar na tsaye a kan matakala da igiya a hannu, ya ji ɗumi ya fara tasowa, ya ji sanyi na shigowa ta bayansa. Bai ma san ya yi ba. Ya sa ƙafa ya ture bokitin, ƙofa ta rufe. Rigar Turid da ƙararrawarta suna waje.

Ita kuwa tana ciki tana bin bututun kaɗan-kaɗan. Gaba lafiya. Tsakiya lafiya. Lokon ya yi ɗumi, ɗumi mai daɗi, irin wanda ba ta ji ba tun shigowar sanyi. Ta miƙa hannu can bayan gwiwar bututun, inda ya lanƙwasa zai fita, ta karkata tocilar. Madubin ya yi fari da gumi nan take. Ta ga tsagar a cikinsa, siririya kamar gashi, baƙi a gefenta.

To, in ji ta a ranta, ga ta nan. Bari in buga uku.

Sai ta ga hannuwanta sun yi nisa. Tana ganinsu a hasken tocila kamar na wata mata. Kanta ya yi nauyi, ta kwantar da kumatu a kan katako. Bari in ɗan huta, sai in buga. Ta tuna babanta yana riƙe da igiya yana rera waƙarsa marar daɗi. Ta ji kamar yana nan waje, ba abin gaggawa. Gurnanin hitar ya koma can nesa, kamar ana jinsa daga ƙarƙashin ruwa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Daidai kunnenta, a jikin bangon, daga ɗaya gefen. Ba bugun ƙarfe ba ne. Bugun gaɓar yatsa ne, a natse, na wanda ya saba.

Igiya ta fizge ta.

Ta farka a kan dandamalin jirgin, a kwance cikin dusar ƙanƙara, sama shuɗiya a kanta. Hilmar na durƙushe yana goga mata ƙanƙara a fuska, yana haki, yana zagi. Rigarta a kan ƙarfe, kusa da ƙofar da yanzu take wangale, ƙararrawar na ta tsala ihu. Ta juya ta yi amai.

“Shegiyar Kaguwa! Kin kusa kashe ni! Na ja ki kamar buhun gishiri, ba ki ko motsa ba!”

“Ka kashe hitar?”

“Na kashe. Allah ya sa kin buga.”

“Ban buga ba.”

“Kin buga mana. Uku. Na ji da kunnena.”

“Kawu, dubi hannuna.”

Ya duba. Madubin na cikin hannun damanta, tocilar na hagu tana ci, yatsun sun ƙanƙame su. Sai da ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

An yi ta lissafin abin nan a rumfar kofi, kuma lissafin ba shi da wuya. Mutum biyu ne a jirgin, hannu huɗu. Biyu na Turid a cike suke. Biyu na Hilmar suna kan igiya, yana kan matakala, ɗakin kwana na ƙasa da shi ba kowa. Ƙafafunta suna waje a gaban idonsa, ba su motsa ba. Goshinta ba ƙulu. Ruwa a kwance yake, jirgi bai bugi kwata ba. Saura hitar. Bayan an kai Turid asibitin tsibiri an sa mata iskar numfashi ta kwana biyu, abin da ta fara yi da ta fito shi ne komawa lokon, ƙofa a buɗe, hita a kashe. Ta sa sufana a kan notunan huɗu. Ko ɗaya bai juya ba. Ta kama na'urar ta jijjiga har kafaɗarta ta yi ciwo. Shiru.

Hilmar bai fita washegari ba. Ya zauna a kwata yana kallon jirage goma sha takwas suna fita suna dawowa da kifi, yana mita, yana cewa duk laifin 'yar Edvin ne. Amma bai kunna hitar ba, a gida ya kwana, har jirgin fito ya kawo bututun. Turid ta sa shi, ta bi shi da madubi, wannan karon da ƙararrawa a wuyanta da ƙofa a ɗaure da waya. Madubin ya fito a bushe. Ta kafa masa wata ƙararrawar a saman gadonsa, ta kawo masa agogo mai kaɗawa ta dire a gabansa.

“Ga mai tashinka.”

“Mummuna ne.”

“Kun dace.”

Kafin ta fita ta ga ya mayar da matashin Ottar, ya jingine shi a kan farantin ƙarfen, ya ɗora rigar da tabarau.

Ya yi kamun kifinsa na wannan shekarar, ciwon kai ya tafi. Da rana ta dawo sararin sama suka sake haɗuwa a kanti, ta tambaye shi agogon.

“Yana nan,” in ji shi. “Kullum ina saita shi.”

“Yana tashinka?”

Ya ɗauki burodinsa ya sa a jaka. “Ban taɓa jin kukansa ba, Kaguwa. Kullum kafin ya kaɗa an riga an tashe ni.”

Turid har yau tana shiga loko. Abu biyu ta canja. Ƙararrawar yanzu a wuyanta take, ba a riga ba. Kuma duk jirgin da ta shiga, in ta gama ɗaure noti na ƙarshe, kafin ta buga biyu a saki, takan ɗan dakata, kunne a jikin katako.

Kai ma kana da naka. In ba hita ba, akwai wani inji mai cin mai da ke ruri a wani lungu kusa da inda kake kwana, kuma ka daɗe ba ka leƙa shi ba. Gobe da rana ka kashe shi, ka bari ya huce. Ka buɗe ƙofa ka tokare ta da abin da ba a turewa da ƙafa. Ka kira wani ya tsaya a bayanka. Ka ƙirga notunan mazauninsa da yatsa, ka kama shi da hannu biyu ka jijjiga, ka bi bututun hayaƙinsa har inda ya fita. Wanda ya kwance ka ɗaure, wanda ya tsage ka canja. In komai ya zauna daram, ka kara kunnenka a bango ka yi shiru kaɗan. Don Allah ka gwada.